Tsirkiya Mai Rigar Nailan: Shiri na Musamman a kan Jitar Bes

(Kiɗan buɗe shiri, sa'an nan ya lafa)

Barkanmu da sake saduwa a cikin wannan shiri na musamman, wanda a cikinsa mukan ɗauki mas'ala guda daga cikin sana'o'in 'yan Adam, mu zauna da ita a tsanake, mu duba ta ciki da bai, har mu ga hikimar da ke ƙunshe a cikinta. Mas'alarmu ta yau ƙarama ce a ido, domin ba ta wuce tsirkiya huɗu ba, irin waɗanda ake ɗaura wa jitar nan ta lantarki mai kaurin murya da ake kira bes. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge yana zaɓen izgar da zai ɗaura, yana ware mai kyau yana yar da mai rauni, ya san cewa a wurin ma'abota kiɗa sha'anin tsirkiya babban sha'ani ne, domin ita ce harshen da ƙwarya da itace suke magana da shi.

Kafin mu kai ga tsirkiyar da muke nufi, ya wajaba mu koma baya kaɗan, mu ga asalin jitar kanta. A shekarar 1951 ne wani Ba'amurke mai suna Leo Fender, wanda ya fara da gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya fito da jitar da ya kira Precision Bass. Kafin wannan lokaci, ƙungiyoyin makaɗa na Amurka sun dogara ne ga wani ƙaton bes na katako, mai tsayin mutum, wanda ake kaɗawa a tsaye, ga nauyin ɗauka, ga wahalar sawa a mota, ga shi kuma idan ganguna da ƙahoni suka ɗauka sai muryarsa ta nutse. Fender ya ƙera abin da ake ratayawa a kafaɗa, ya gitta ƙananan matakai na ƙarfe a wuyansa domin yatsa ya san inda zai sauka, ya kuma sa masa maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyin, wanda ke karɓar motsinsu ya mai da shi lantarki, amsa-kuwwa ta mai da shi sauti.

Tsirkiyoyin farko da aka ɗaura wa wannan jita masu sulɓi ne, wato an ɗauki waya ta ƙarfe an naɗe ta da wani ƙarfen shimfiɗaɗɗe, har fuskarta ta zama sumul. Da irinsu ne James Jamerson ya kaɗa bes a cikin ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na birnin Detroit, kuma an san shi da barin tsirkiyoyinsa shekara da shekaru bai sauya ba, saboda ƙaunarsa ga muryar tsohuwar tsirkiya. Ana nan a haka sai a 1966 John Entwistle, mai kaɗa wa ƙungiyar The Who ta Ingila bes, ya haɗa kai da James How na kamfanin Rotosound, suka daidaita tsirkiya mai zagayayyen naɗi, mai kaushi a hannu, mai ƙara da kaifin murya irin na fiyano. Wannan ita ce ta yi rinjaye daga baya, har ya zamana a yau mafi yawan jitocin da ke fitowa daga masana'anta da ita suke fitowa, kuma da yawa daga cikin samarin makaɗa ba su taɓa ɗora yatsa a kan wata ba.

To, a gefen waɗannan biyu akwai ta uku, wadda ba ta taɓa yin sarauta ba, ba ta kuma taɓa ɓacewa ba, ita ce tsirkiya mai rigar nailan. Idan mutum ya zaro ta daga ambulan ɗinta, abin da zai fara gani shi ne baƙa ce wulik, tana sheƙi, ga kauri fiye da wadda ya saba, an naɗe bakinta da zare domin kada ta warware. Idan ya ja yatsa a kanta daga wannan kai zuwa wancan, ba zai ji tudu ko kwari ba, ba kuma zai ji sanyin ƙarfe ba. A cikinta akwai waya ta ƙarfe, a bisa wayar akwai naɗi na ƙarfe, sa'an nan a bisa wannan duka aka zagaya siririn ƙyalle na nailan, gefe na taɓa gefe, aka goge har ya kwanta. Shi kuwa nailan, wani masanin kimiyya mai suna Wallace Carothers ne ya haɗa shi a kamfanin DuPont a 1935, ba da nufin kiɗa ba, amma Allah da ikonsa sai ga shi ya zama rigar tsirkiya.

Hikimar wannan riga a fili take ga wanda ya yi nazari. Tsirkiya idan aka kaɗa ta, ba murya ɗaya take fitarwa ba. Akwai uwar murya mai kauri, wadda a tsirkiyar da ta fi kowace kauri take kai da komo kimanin sau 41 a cikin daƙiƙa guda, sa'an nan akwai 'yan ƙananan muryoyi masu kaifi da ke biye da ita. Nailan, da yake abu ne mai taushi, yana shanye waɗannan ƙananan muryoyi tun kafin su yi nisa, ya bar uwar ita kaɗai, ta fito da nauyi, ta ɗan tsaya, ta sauka ba tare da dogon amo ba. Wannan kuwa ita ce siffar muryar tsohon bes na katako, wanda Fender ya zo ya sauƙaƙa wa mutane ɗaukarsa, alhali kuwa zukatan makaɗa da yawa ba su daina begen muryarsa ba.

(Gajeren kiɗan bes, sa'an nan ya lafa)

Mai son hujja a kan darajar wannan tsirkiya, sai ya dubi abin da ya faru a birnin Landan ranar 30 ga watan Janairu na 1969, ranar da ƙungiyar The Beatles ta hau rufin ofishinta da ke titin Savile Row ta yi wasanta na ƙarshe a bainar jama'a. Paul McCartney, wanda bahago ne, yana rataye da jitarsa ƙirar Höfner ta Jamus, mai siffar goge na Turawa, kuma duk wanda ya kalli hotunan wannan rana, musamman a cikin fim ɗin Get Back da Peter Jackson ya fitar a 2021, zai ga baƙaƙen tsirkiyoyi huɗu kwance a wuyanta. Haka nan marigayi Herbie Flowers, wanda ya rasu a 2024, ya shahara da ɗaura baƙar tsirkiyar nailan a jitarsa ƙirar Fender Jazz. Shi ne ya kaɗa bes a waƙar Lou Reed mai suna Walk on the Wild Side a 1972, inda ya fara ɗaukar muryar bes na katako, sa'an nan ya ɗora ta lantarki a samanta, muryoyin biyu suka tafi tare kamar daga ciki ɗaya suka fito.

Yanzu kuma sai mu zo ga gwada wannan tsirkiya, domin Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwaji yana da sharuɗɗa waɗanda idan aka tsallake su, hukuncin da za a yanke ba zai zama na adalci ba.

Sharaɗi na farko shi ne awo. Tsirkiyoyin da aka saba da su sukan fara daga kauri 45 zuwa 105, bisa lissafin kashi dubu na inci guda. Masu rigar nailan na kamfanin D'Addario suna kusa da haka, daga 50 zuwa 105, amma baƙaƙen La Bella da aka fi sani daga 60 ne zuwa 115, na Rotosound kuwa daga 65 zuwa 115. A can saman wuyan jita akwai wani ɗan ƙashi ko roba mai tsagi huɗu, inda kowace tsirkiya take kwanciya kafin ta kai ga maɗaurinta. Sau da yawa makaɗi zai ɗora sabuwar tsirkiyarsa ya tarar ta ƙi shiga tsagin, ta hau bisa bakinsa ta zauna, kuma idan ya matsa mata da ƙarfi, ko dai ƙashin ya tsage, ko rigar ta yage. Maganin wannan shi ne a buɗa tsagin da ɗan siririn magagari, sannu a hankali, ana gogawa ana gwadawa, tare da sanin cewa abin da magagari ya ci ba ya dawowa. Saboda haka wanda hannunsa bai faɗa ba, ya fi masa alheri ya kai wa gwanin gyara, ko kuwa ya fara da masu awo daidai da nasa. Haka kuma a lura da tsawo, domin galibin jitoci inci 34 ne daga ƙashin zuwa jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita, alhali irin ta McCartney kimanin inci 30 ce. Kada a yanke tsirkiya a wurin da rigar take, domin da zarar an yanka, naɗin zai fara warwarewa.

Sharaɗi na biyu shi ne lura da wuya. Abin mamaki ne ga mai gwajin farko ya ga tsirkiya mai wannan kauri, amma ya ji ta da laushi a ƙarƙashin yatsa. Dalili kuwa shi ne nailan yana ƙara kauri ba tare da ya ƙara nauyi mai yawa ba, kuma tsirkiya marar nauyi ba ta bukatar ja mai tsanani kafin ta kai muryar da ake so. Tsirkiyoyi huɗu na ƙarfe sukan ja wuyan jita da ƙarfin da ya haura kilo 70, kuma a cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da aka ɗaure domin ta yi tsayayya da wannan ja. Idan aka ɗaura masu sassauci, sandar takan rinjaya, wuyan ya miƙe fiye da kima, tsirkiyoyi su riƙa gogar matakai suna kakkarwa. Sai a ɗan sassauta sandar, rubu'in juyi ko ƙasa da haka, a bar itacen ya kwana, sa'an nan a sake dubawa, a kuma daidaita jaki har kowace murya ta zauna a muhallinta.

Bai halatta mu ambaci fa'ida mu ɓoye illa ba. Da yake maganaɗisu ba ya ganin nailan, ƙarfen ciki kaɗai yake gani, ƙarar jitar takan ɗan ragu, sai an ɗaga maganaɗisun ko an ƙara murya a na'ura. Illa ta biyu ta fi wannan damun mutane. A bisa al'ada, akwai waya da ke haɗa jaki da ƙasan lantarkin jita, ta yadda idan hannun makaɗi ya taɓa tsirkiyar ƙarfe, ƙugin nan da ake ji a amsa-kuwwa sai ya yi tsit. Nailan kuwa ba ya barin lantarki ya wuce, saboda haka makaɗi zai ɗora hannu a tsirkiya ƙugin yana nan, sai ya taɓa jakin da kansa kafin ya ɗauke. Jitar da aka lulluɓe cikinta da takardar tagulla ba ta cika shan wannan wahala ba, amma mai wasa da janareta, ko a gidan da wayoyinsa ba su da kyau, lalle ya san da wannan tun kafin ya kashe kuɗinsa. Illa ta uku ita ce, mai son salon nan na marin tsirkiya da babban yatsa, wanda Larry Graham ya shahara da shi, ba zai sami kaifin da yake nema a nan ba.

Fa'idojinta kuwa suna da yawa. Yatsa yana zamewa a kanta ba tare da ƙarar shafa ba, kuma ba ta cin fatar mai koyo. Ba ta cinye matakai, ba ta kuma sassaƙe wuyan jitar da ba ta da matakai. An san cewa mai kaɗa bes Jaco Pastorius sai da ya shafe wuyan tasa marar matakai da wani irin danƙo mai tauri domin ya kare shi daga kaushin tsirkiyar ƙarfe. Wanda fatarsa ba ta jituwa da ƙarfen nikel ya sami mafita. Sa'an nan, da yake gumi da ƙura ba su samun hanyar shiga tsakanin naɗin, muryarta takan daɗe ba ta sauya ba, kuma wannan abin dubawa ne ga makaɗan Yamai da Agadas da Kano, inda zafi ke sa gumi, hunturu ke kawo ƙura, tsirkiya kuma sai an yi odarta daga waje da tsada.

Sharaɗi na ƙarshe, wanda a ganinmu ya fi sauran girma, shi ne kada makaɗi ya yanke wa wannan tsirkiya hukunci yana zaune shi kaɗai a ɗaki. Kunnen da ya saba da kaifi, a daren farko zai ce muryar ta dushe, har mai ita ya fara nadamar kuɗinsa. Amma bes ba a yi shi domin ya tsaya shi kaɗai ba. Aikinsa shi ne ya zama ginshiƙin da ganga da jita da muryar mawaƙi suke jingina a kansa, kuma kaifin da yake burge mutum a kaɗaici, sau da yawa shi ne yake shiga hurumin abokan wasa ya dame su. Idan aka kai baƙar tsirkiya cikin jama'a, aka ji yadda take cika ƙasa ta bar wa sauran sama, a nan ne ake gane cewa abin da ta rage da gangan ta rage shi, kuma tawali'u a wurin mai bes kamala ce ta sana'a.

Saboda haka shawararmu ga duk mai jitar bes ita ce ya gwada ta ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa, ya auna tsaginsa kafin ya saya, ya adana tsofaffin tsirkiyoyinsa a ambulan, ya ba sabuwar makonni tana hannunsa, ya kuma nemi shaidar mai ganga da mawaƙi kafin tasa. In ta karɓe shi, ya sami murya ta shekaru. In kuma ba ta karɓe shi ba, zai koma ga ta ƙarfe da kunnen da ya fi na da sanin abin da yake nema.

Jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya. Allah ya ƙara mana basira, ya sa albarka a cikin sana'o'inmu.

(Kiɗan rufe shiri)