Kafin Wuƙar Tiyata: Yadda Hoton CT Ke Tsara Aikin Kunnen Yaro

Akwai yaran da ake haifa da guntun kunne, wasu kuma babu ƙofar kunnen gaba ɗaya. Likitoci na kiran matsalar guntun kunne maikuroshiya. Ta fi shafar kunne ɗaya, galibi na dama, kuma ta fi yawa a yara maza. Iyaye kan tambayi ko yaron zai ji, sannan ko za a iya gina masa kunne. Kallon ido ba ya iya amsa ko ɗaya, domin amsar tana cikin ƙashin kai.

A nan na'urar CT ke shigowa. Tana ɗaukar ƙashin gefen kai yanka-yanka, kowane yanki bai kai kaurin milimita 1 ba. A hoton ne likita zai ga ko akwai fili a tsakiyar kunne, da yanayin ƙananan ƙasusuwa uku da ke kai sauti ciki, da hanyar da jijiyar fuska ta bi. Wannan jijiya ce abin tsoro, saboda a irin waɗannan yara takan kauce wa hanyarta. Idan injin huda ƙashi ya taɓa ta, gefen fuskar yaro na iya shanyewa.

A 1992, likitan kunne ɗan Amurka Robert Jahrsdoerfer ya wallafa wani ma'auni mai maki 10 da ake lissafawa daga hoton. Ƙashin da ke kama da likkafar sirdi shi kaɗai ke da maki 2, sauran sassa takwas kowanne maki 1. Yaron da ya samu 5 ko ƙasa da haka ba a ba shi shawarar buɗe ƙofar kunne, domin haɗarin ya fi ribar. Akan saka masa na'urar ji da ke aika sauti ta ƙashin kai kai tsaye zuwa kunnen ciki. Idan kuwa ana shakkar lafiyar jijiyar ji, sai a ƙara da MRI, wadda ta fi CT nuna jijiyoyi.

Ba a gaggawar ɗaukar jariri hoton CT. Gwajin ji ake fara yi, hoton kuma yakan jira har lokacin tiyata ya kusa, don rage hasken da ke ratsa jikin yaro. Fasahar ma tana ci gaba: a 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Naeotom Alpha ta kamfanin Siemens, na'urar da ke iya fitar da yanki mai kaurin milimita 0.2.

Wajen gina fatun kunne kuwa, a da likita kan zana lafiyayyen kunnen a kan fim mai garai-garai, ya juya shi ya zama samfuri. Yanzu ana ɗaukar kunnen da sikana ta 3D, kwamfuta ta juya shi kamar a madubi, firinta ta fitar da shi. Da wannan samfuri a gabansa likita ke sassaƙa guringuntsin haƙarƙarin yaron. A tsarin likitan Japan Satoru Nagata, akan jira yaro ya kai kusan shekara 10, lokacin da guringuntsin ya isa.

A 2022 kamfanin 3DBio Therapeutics ya sanar da cewa an dasa wa wata budurwa 'yar Meziko kunnen da aka buga da firinta daga ƙwayoyin jikinta, a birnin San Antoniyo na jihar Tekzas, cikin wani gwaji na asibiti.

Ga iyayen da ke tunanin tiyata, tambayoyin da ya kamata su kai wa likita su ne: maki nawa hoton ya bayar, ina jijiyar fuska ta bi, kuma wanne za a fara, ƙofar kunne ko fatunsa? Tsarin yana da muhimmanci, domin tabon aikin farko na iya ɓata fatar da aiki na biyu zai buƙata.