Tsohuwar Kyamara Mai Madubi da Ƙaramar Zamani: Ina Masu Hoton Zamfara Suka Dosa?

A 'yan shekarun nan kayan aikin masu ɗaukar hoto a Gusau da kewayenta sun fara sauya kama. Duk wanda ke halartar ɗaurin aure a Tudun Wada ko Sabon Gari, ko naɗin sarauta a Tsafe, ko saukar Alƙur'ani a Bungudu, zai ga masu hoto iri biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Akwai mai rataye da ƙatuwar baƙar kyamara wadda ta sha jiki, akwai kuma matashi riƙe da 'yar ƙarama da ba ta fi tafin hannu ba, yana kallon allonta yana bin ango da ita. Ta farkon ita ce mai madubi a ciki, wadda ake kira DSLR. Ta biyun kuwa marar madubi ce. Yaron da ya gama koyon sana'a, ya tara ɗan jarinsa, yakan tsaya tsakanin zaɓi biyu da kuɗinsu ba su cika yin nisa da juna ba: tsohuwar kyamarar ƙwararru ta hannu, ko ƙaramar marar madubi ta masu farawa. Abin da ya zaɓa shi zai yanke irin aikin da zai iya karɓa na tsawon shekaru.

Yadda kowacce ke aiki

A cikin DSLR, hasken da ya shigo ta gilashin gaba yana faɗawa kan madubi, madubin ya tura shi sama zuwa 'yar tagar da mai hoto ke leƙawa. Da an danna, sai madubin ya ɗaga, ƙyauren ciki ya buɗe, haske ya sauka kan farantin da ke ɗaukar hoton. Wannan ne ƙarar da ake ji. Marar madubi ta kawar da madubin: haske na sauka kai tsaye kan faranti, mai hoto kuma yana ganin abin da zai fito a allo tun kafin ya danna. Shi ya sa ta yi ƙanƙanta, shi ya sa kuma take shan batir, domin farantin da allon ba sa hutawa muddin tana kunne.

Idan aka ɗauki kyamarori biyu na kamfani ɗaya, bambancin zai fito fili. Canon 5D Mark III ta fito a 2012, nauyinta ya kusa kilo ɗaya ba tare da gilashi ba, jikinta na ƙarfe ne da aka toshe gaɓoɓinsa saboda ƙura da danshi, tana ɗaukar katin ajiya biyu, kuma a ma'aunin masana'anta caji ɗaya na kai ta hoto kusan 950. Canon M50 ta fito a 2018, nauyinta bai kai giram 400 ba, kati ɗaya take ci, cajinta kuma hoto 235 ne a wannan ma'aunin. Faɗin farantin tsohuwar milimita 36 ne da 24, ya ninka na ƙaramar fiye da sau biyu da rabi. Amma ƙaramar tana da abin da babbar ba ta da shi: allo mai juyawa, tura hoto zuwa waya ba tare da igiya ba, da bin fuskar mutum da kanta yayin ɗaukar bidiyo.

Abin da ya kawo sauyin

Dalili na farko ya taso ne daga Japan, inda kamfanonin da ke ƙera waɗannan kayan suke. Panasonic ya fito da kyamarar farko marar madubi mai sauya gilashi a 2008. Sony ya shigo da mai babban faranti a 2013, sannan Canon da Nikon suka bi sahu da nasu manyan a 2018. Zuwa 2020, yawan marasa madubin da kamfanonin Japan suka fitar ya zarce na masu madubi. A ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya bayyana cewa 1D X Mark III ce ta ƙarshe a jerin manyan kyamarorinsu masu madubi. Da ƙwararrun Turai da Amurka da Dubai suka koma sabon salo, sai suka zubar da tsofaffin kayansu a kasuwa. Kayan nan ne ke biyowa ta Legas da Kano har su iso hannun mai hoto a Gusau. Kyamarar da a 2012 sai babban sitidiyo ke iya saye, yau ɗan koyo yana iya tambayar kuɗinta.

Dalili na biyu shi ne abin da masu biki ke nema. A da, aikin mai hoto yakan ƙare ne da wanki da albam, a kawo bayan mako ɗaya ko biyu. Yanzu ƙawayen amarya suna son hoton kamu ya hau WhatsApp kafin a tashi daga wurin, ɗan siyasa yana son taronsa ya bayyana a Facebook kafin magariba, mai sayar da atamfa da leshi tana son gajeren bidiyo na TikTok da Instagram. A nan ne tsohuwar ke gazawa. Gaskiya ne cewa 5D Mark II ta 2008 ce ta buɗe wa masu ƙaramin jari ƙofar yin fim da kyamarar hoto, amma ita da ƙanwarta Mark III duk sai mai ɗauka ya riƙa murza gilashi da hannu idan mutum na motsi. Ƙaramar kuwa tana kama fuskar amarya ta bi ta daga ƙofa har kujera.

Dalili na uku wayar hannu ce. Hoton yau da kullum ya koma aljihun kowa, kuma a duniya baki ɗaya cinikin kyamara ya faɗi daga sama da miliyan 120 a 2010 zuwa ƙasa da miliyan goma a shekara cikin shekarun bayan 2020. Mai hoto ba ya samun kuɗi sai ya kawo abin da waya ba ta iyawa, kuma ya kawo shi da saurin waya.

Na huɗu shi ne darajar naira. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Babbar marar madubi ta ƙwararru, wadda ta haɗa ƙarfin tsohuwar da dabarun sabuwar, ta fi ƙarfin mafi yawan masu sana'ar a Zamfara. Abin da ya rage shi ne zaɓi tsakanin tsohuwa mai inganci da ƙarama mai wayo.

Inda ƙasa ke da ta cewa

Masu tallar kyamara a intanet suna gwada ta ne a inda wuta ba ta ɗaukewa. Mai hoton da aka gayyata biki a Ruwan Bore, ko Mada, ko Wonaka, lissafinsa daban ne. Zai bar Gusau da safe, kuma babu tabbacin zai ga inda zai sa caji sai ya dawo. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tayar da janareto don cajin batir kawai ya zama asara. Da tsohuwar, batir biyu sun isa a yi ɗaurin aure da walima da kai amarya. Da ƙaramar, sai an cika aljihu da batura huɗu ko biyar, kuma akwai na jabu a kasuwa, suna nuna a cike su mutu ana tsakiyar addu'a.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika iska da gari mai laushi, filin biki kuma dama ƙasa ce da ƙafafu ke tayarwa. Idan aka cire gilashin ƙaramar marar madubi, farantinta a buɗe yake yana kallon sama; ƙwayar ƙura ɗaya ta sauka a kai, sai ta zama ɗigo baƙi a kan kowace farar shadda da aka ɗauka ranar. A tsohuwar, madubi da ƙyaure suna tsaye a gaban farantin. Haka zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40: ƙananan kyamarori da yawa sukan ɗau zafi su kashe kansu idan bidiyo ya yi tsawo.

Sai batun amana. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Kyamara mai kati biyu tana rubuta kowane hoto sau biyu, idan ɗaya ya lalace ɗayan na nan. Mai kati ɗaya kuwa, ranar da katin ya ƙi buɗewa, babu kalmar da za ta wanke mai hoto a gaban iyayen amarya, kuma a gari irin Tsafe ko Bungudu labari ba ya kwana.

Amma ƙasar nan tana da hujjojin da ke goyon bayan ƙaramar ma. Matsalar tsaro a hanyar Gusau zuwa Funtuwa da ƙauyukan da ke gefenta ta sa tafiya da babbar jaka mai jan ido ta zama abin tunani. 'Yar ƙaramar kyamara tana shiga aljihun riga, mai ita ya hau mashin ba wanda ya san abin da ya ɗauko. Sannan yawancin shagulgulan biki na mata ne, sa lalle da kamu da wuni, kuma gidaje da dama sun fi natsuwa idan mace ce ke ɗauka. Kyamara marar nauyi, mai sauƙin koyo, tana rage wa 'yan mata wahalar shiga sana'ar, kuma wannan kasuwa ce da namiji ba ya iya kaiwa cikinta ko da wace irin kyamara ya riƙe.

Abin da sauyin ya haifar

Sakamako na farko shi ne yawaitar masu ɗauka da faɗuwar farashin aiki. Tun da allo na nuna hoton kafin a danna, mutum na iya fara karɓar kuɗi bayan 'yan makonni. Wannan alheri ne ga matasan da ke neman abin yi, sai dai ya rage zaman koyo a gaban maigida, inda ake sanin yadda ake auna haske, yadda ake fito da fuskar baƙin mutum sanye da fararen kaya a tsakar rana, da yadda ake tsayar da dattawa a jere ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Kyamara ba ta koyar da waɗannan.

Na biyu, bambancin ingancin ya ɓuya. WhatsApp yana matse hoto, don haka a fuskar waya da wuya a gane wanda babban faranti ya ɗauka. Fifikon tsohuwar yana bayyana ne a wuri biyu: cikin ɗaki mai ƙarancin haske, da lokacin da aka wanke hoto babba don firem ɗin falo ko allon kamfe. Mai hoton da abokan cinikinsa ba sa wanke hoto yana ɗaukar nauyin kilo guda ne a wuya saboda ingancin da ba wanda zai gani. Duk da haka kwarjinin babbar kyamara bai gushe ba. Har yanzu akwai masu biki da ke auna mai hoto da girman abin da ya rataya.

Na uku shi ne tarkon da ke jiran mai saye ta kowane ɓangare. Ƙyauren 5D Mark III an ƙera shi ne don dannawa kusan 150,000, kuma da yawa daga cikin na hannu sun ci rabin wannan ko fiye kafin su iso. Wanda zai saya ya nemi a nuna masa adadin a kwamfuta, ya ɗauki hoton farar takarda ya duba tabo, ya haska gilashin da tocila ya ga ko akwai hazo a ciki. Idan ta lalace, gyaran kirki sai Kano ko Legas, kayan gyaran kuma raguwa suke yi. Ƙaramar ma tana da nata: Canon ya daina ƙera jerin M, wanda M50 ke ciki, a 2023 ya koma kan jerin R, irin su R50, kuma gilasan M ba sa hawa kan R. Wanda ya zuba jarinsa a nan ya shiga hanyar da ba ta ɓullewa.

Na huɗu wata hasara ce da ba a cika magana a kanta ba. Albam ɗin iyayenmu yana nan cikin akwati bayan shekara talatin. Hoton da ya tsaya a waya yakan tafi ranar da aka sace ta ko ta faɗa ruwa. A jihar da rashin tsaro ya raba dubban iyalai da garuruwansu, hoton da aka wanke na iya zama shaida ɗaya tilo ta yadda gida da dangi suke a da.

Matsaya

Wanda abincinsa ke fitowa daga hoton tsaye, na biki da sarauta da makarantu, musamman a ƙauyukan da wuta ba ta isa, tsohuwar kyamarar ƙwararru mai ƙarancin dannawa ta fi masa amfani, kuma za ta yi masa aiki na wasu shekaru. Wanda kasuwarsa bidiyo ce da tallar kaya da shagalin cikin gida, ƙaramar ce tasa, da sharaɗin ya sayi batura na asali ya kuma guji sauya gilashi a fili. Dukkansu biyu su sani cewa gangar jikin kyamara ita ce ke tsufa da wuri. Gilasan Canon na jerin EF, waɗanda ake yi tun 1987, suna hawa kan sababbin kyamarorin R ta hanyar ɗan zoben haɗi, haka na Nikon a kan jerin Z. Don haka kuɗin da aka sa a gilashi mai kyau, ko da ɗan 50mm mai araha ne, da fitila, da katin ajiya na gaske, ba ya ɓata ko an sauya kyamara.

Zamanin mai madubi yana ƙarewa, domin masu ƙera ta sun juya mata baya, kuma nan da wasu shekaru batir da kayan gyaranta za su yi wuya. Abin da ya kamata manyan masu sitidiyo a Gusau su yi tun yanzu shi ne su riƙe yaran da ke shigowa da ƙananan kyamarori su koya musu haske da ladabin aiki, su kuma mayar da wanke hoto cikin kuɗin kowane biki, ko da guda ashirin ne. Yin haka zai tsare darajar sana'ar, ya kuma bar wa iyalan Zamfara abin da za su nuna wa jikokinsu.