Yadda Ake Sa Gashi Motsi a Katun

A katun na kwamfuta, gashi na cikin abubuwan da suka fi wahalar da mai zane. Idan yarinya ta juya kai, kalabarta takan ɗan makara, ta wuce, sannan ta dawo. Shi ya sa a manhaja irin Blender ake jera wa kowace kalaba 'yan ƙasusuwa, a ɗaure na farko a kai, a saki sauran, a saita nauyi da tauri. Idan taurin ya yi yawa, sai kitson ya sandare kamar kara. Wahalar gashi ta kai har sai da kamfanin Pixar ya ƙera sabuwar manhaja saboda gashin Merida a fim ɗin Brave na 2012. Mai zana Hawan Daushe a Ƙofar Kudu kuwa, da dabarar ƙasusuwan nan zai kaɗa gezar doki da jelar rawani.