Dafa Ruwan Wanka da Tsimin Itace a Karkarar Ƙasar Gumel

1.0 Gabatarwa

Idan aka taso da zancen itace da gurgusowar hamada a taruka irin wannan, galibi hankali yakan tafi ne ga tukunyar tuwo da ta miya. Ba kasafai akan tuna da tukunyar ruwan zafi ba, alhali kuwa a watannin ɗari, da kuma a duk gidan da aka yi haihuwa, ita ma tana cin nata rabo mai tsoka daga cikin itacen da maigida ya sayo. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi bayani a kan wannan fanni, mu ɗauki ƙasar Gumel a matsayin misali, watau ƙananan hukumomi huɗu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda suka haɗu suka yi Masarautar Gumel a arewacin Jihar Jigawa. Za mu fara duba yanayin ƙasar da bukatar mutanenta ga ruwan zafi, sa'annan mu yi lissafin itacen da wannan bukata take ci, daga nan mu auna hanyoyin da za a iya bi a rage shi.

2.0 Yanayin Ƙasar

Ƙasar Gumel tana iyaka da Jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kuma kasuwar dabbobi ta Maigatari da take ci ran Alhamis shaida ce ta cuɗanyar da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Ƙasa ce mai jigawa, damina gajeriya, rani kuwa yakan kai wata bakwai ko takwas. Gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo su ne manyan amfanin gona. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun kashe itatuwa da dabbobi masu yawa a wannan yanki, kuma bayansu ne hukumomi suka ƙara himma wajen dasa jerin darbejiya da turare domin tare iska. Har ila yau, Jigawa tana cikin jihohi goma sha ɗaya da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015.

To, amma dasawa ba ta cim ma sarewa ba. Itatuwan da mata suka fi so saboda garwashinsu, irin su ƙirya da marke, sun yi ƙaranci, har a gidaje da yawa an koma ga sabara da kalgo da karan dawa da kashin shanu. Wannan komawa tana da nata lahani, domin karan da aka ƙone da kashin da aka hura su ne da za su koma gona su zama taki.

3.0 Inda Ake Bukatar Ruwan Zafi

Muna iya kasa bukatar ruwan zafi a gidan karkara kashi uku. Na farko shi ne wanka da alwala a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, musamman ga tsofaffi da yara. Na biyu shi ne wanke-wanke da jinyar marasa lafiya. Na uku, wanda ya fi su duka cin itace, shi ne wankan jego. A bisa al'ada maijego takan yi wanka safe da yamma har kwana arba'in, da ruwan da aka tafasa a babbar tukunya ko rabin duro, ana tsoma ganyen runhu ko darbejiya ana fyaɗawa a jiki. Saboda haka ne tanadin itacen wanka ya zama ɗaya daga cikin nauyin da ke kan miji tun ciki bai tsufa ba.

Ya kamata mu ambata a nan cewa likitoci sun daɗe suna nazarin wannan al'ada. A 1978 Davidson da Parry sun buga sakamakon bincikensu a kan mata 224 da ciwon zuciya ya kama bayan haihuwa a Zariya, inda suka danganta yawan cutar da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta da shan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Ba hurumin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci a kan haka. Abin da ya shafe mu shi ne, muddin ana wankan, to, ana ƙona itace, kuma matan da ke tsugune gaban murhu suna shaƙar hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020.

4.0 Lissafin Zafi da Itace

Masana kimiyya suna auna zafi da ma'aunin da suke kira jul. Jul dubu shi ne kilojul, jul miliyan kuma megajul. Kafin a ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya, sai an ba ta kimanin kilojul 4.2. Ke nan bokiti mai lita 20, idan za a ɗauke shi daga digiri 20 zuwa 45, watau ɗumin da ya dace da wanka, yana bukatar megajul 2.1.

Busasshen itace kilo ɗaya yana ɗauke da kimanin megajul 16. Da a ce duk wannan zafi yana shiga ruwan, da kilo ɗaya ya ishi bokiti bakwai. Amma murhun duwatsu uku, a yadda ake hura shi a tsakar gida iska tana kaɗawa, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kurum yake kai wa tukunya, sauran ya bi iska, ko ya shiga ƙasa, ko ya fita a hayaƙi. Idan muka ɗauki kashi ɗaya cikin takwas, kilo ɗaya na itace megajul 2 kaɗai yake bayarwa, watau bokiti ɗaya.

Bari mu gwada wannan ma'auni a kan wankan jego. Mu ƙaddara tukunyar tana cin lita 40, ruwan rijiya yana digiri 25, ana so ya tafasa a digiri 100. Zafin da ake bukata shi ne megajul 12.6, watau itace kilo 6 da ɗoriya a wanka ɗaya. Sau biyu a yini ya haura kilo 12, a kwana arba'in kuma ya tasam ma kilo 500, rabin tan ke nan domin haihuwa guda. Wannan lissafi na misali ne, girman tukunya da irin itace sukan bambanta daga gida zuwa gida, amma ya isa ya nuna mana girman al'amarin a ƙauyen da ba a rasa suna kowane mako.

5.0 Hanyoyin Rage Asara

5.1 Gyaran da ba ya cin kuɗi

Hanya ta farko ba ta bukatar sayen kome. Rufe tukunya da murfi yana hana zafi fita tare da tururi. Ɗanyen itace yana kashe wani ɓangare na zafinsa wajen busar da kansa, saboda haka a faskara a shanya. Kewaye murhu da ɗan gini na laka yana tare iskar hunturu. Haka kuma barin ruwa ya yi ta ɓararraka bayan ya tafasa asara ce tsantsa, domin ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya ƙara zafi kome yawan itacen da aka iza masa.

5.2 Ingantaccen murhu

Ingantaccen murhu yana killace wuta, ya shigar da iska ta ƙarƙashi gwargwado, ya tilasta wa harshen wuta ya lashi gindin tukunya da gefenta kafin ya fita. Mai kyau daga cikinsu yakan kai kashi 30 cikin ɗari, watau kilo ɗaya na itace ya ba da megajul 4.8. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Nijar an yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi tun cikin shekarun 1980, maƙeran kasuwa ne kuma suke ƙera shi. A Nijeriya Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, ta daɗe tana ƙera murhunan tsimin itace, akwai kuma murhun Save80 da wata ƙungiya a Kaduna ta yaɗa tare da abokan aikinta na Jamus. Sai dai yawancin waɗannan an auna su ne a kan tukunyar girki. Tukunyar jego tana bukatar nata murhu, babba, wanda magini zai gina da laka daidai da faɗinta, ya bar rata kamar ta yatsa tsakanin tukunya da gini.

5.3 Zafin rana

Arzikin da ƙasar Gumel ta fi kowane da shi shi ne rana. A wannan yanki kowace murabba'in mita tana samun kimanin megajul 21 a yini. Idan na'ura ta kama rabin wannan kurum, ya isa ya ɗaga zafin lita 100 da digiri 25, watau aikin itace kilo 5 a murhun gargajiya.

Mafi sauƙin na'urar ita ce baƙin duro ko baƙar jarka a cikin akwatin katako, a cusa ƙaiƙayi a gefe da ƙasa, a rufe sama da gilashi. Baƙin launi yana shan zafi, gilashi kuma yana barin haske ya shiga ya hana zafi fita. Irin wannan ce Clarence Kemp ya yi wa rajista a Baltimo ta Amurka a 1891. Wadda ta fi ta inganci ita ce mai faranti da tanki dabam. Ana jera bututu a kan baƙin faranti, a ɗora tanki sama da shi. Da yake ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, da kansa yake hawa tanki, na sanyi ya sauko, ba famfo ba lantarki. Gumel tana wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, kuma a watannin ɗari rana takan karkata kudu, don haka farantin kudu zai fuskanta a ɗan jingine. Ƙasar Isra'ila ta wajabta irin wannan na'ura a sababbin gidaje tun 1980, cibiyar Sakkwato da muka ambata ita ma ta ƙera irinta.

Idan muka koma ga misalinmu, muka ce rana ta kai ruwan jego digiri 55 kafin a ɗora shi, saura digiri 45, watau megajul 7.6. A ingantaccen murhu wannan bai kai kilo 2 ba, maimakon 6 da ɗoriya. Haɗa hanyoyin biyu ke nan yana rage kusan kashi uku cikin huɗu.

5.4 Lantarki da gas

Bokitin da muka yi misali da shi bai cika kashi shida cikin goma na yunit ɗaya na lantarki ba, amma ƙauyuka da yawa ba su da layin wuta, inda yake kuma ba ta zama. Hitar da ake tsomawa a bokiti tana da haɗari ga yara. Kananzir ya fi ƙarfin talaka tun da aka janye tallafinsa a 2016, gas kuwa sai an je gari kafin a cika tukunyarsa. A ganinmu waɗannan biyu ba su ne mafita ta kusa ga mutumin karkara ba.

6.0 Matsalolin da Za a Fuskanta

Babbar matsalar zafin rana ita ce saɓanin lokaci. Ruwan yakan kai ƙarshen zafinsa bayan azahar, alhali an fi bukatarsa da asuba. Wankan yamma ba shi da damuwa. Na safe kuwa sai an lulluɓe tankin da abin da zai riƙe zafi, kamar ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa ko audugar rimi, a kuma rufe gilashin da tabarma ko tsohon bargo da zarar rana ta faɗi. Ko da ya huce zuwa safe, ya fi na randa ɗumi, abin da ya rage sai murhu ya ƙarasa.

Ta biyu ita ce hazo. Watannin da aka fi son ruwan zafi su ne waɗanda ƙura take dusashe rana, ta kuma kwanta a kan gilashi, saboda haka sai an goge shi kullum, kuma ba za a rushe murhu don an sami na'ura ba. Ta uku ita ce tsabta. Kada a yi amfani da duro ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko mai, kuma ruwan da ya kwana da ɗumi na wanka ne, ba na sha ba. Ta huɗu ita ce kuɗi. Itace kullum ake sayensa kaɗan-kaɗan, ko a samo shi a daji, na'ura kuwa dunƙule ake biya. Daɗin daɗawa, mace ce take shan hayaƙi, namiji ne yake riƙe da kuɗin saye, duk shirin da ya yi magana da ɗaya ya bar ɗaya ba zai je ko'ina ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari huɗu. Na farko, malaman jami'o'i da kwalejojin jihar su auna ainihin itacen da wankan jego yake ci a gidajen waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, domin a maye gurbin lissafinmu na misali da alƙaluma na zahiri. Na biyu, a fara kafa na'urorin zafin rana a ɗakunan haihuwa da makarantun kwana da masallatan Juma'a, inda jama'a za su gani da idonsu, musamman wuraren da ke da rijiyar burtsatse da tanki a sama. Na uku, a koya wa maƙera da masu walda da magina na Gumel da Maigatari ƙira da gyara, domin na'urar da sai an je Kano kafin a gyara ta, ranar da ta lalace ranar aka bar ta. Na huɗu, a shigar da ungozomomi da ƙungiyoyin adashin mata, waɗanda za su iya mallakar duro da murhun jego guda ɗaya a unguwa, yana zagayawa daga gidan haihuwa zuwa wani.

Maƙwabtanmu na Magarya da Matamaye sun nuna cewa gawo yana dawowa gona idan manomi ya bar tsiro ya kula da shi. Amma tsiron da aka bari yana bukatar shekaru kafin ya zama itace, kuma rage abin da murhu yake ci shi ne zai ba shi waɗannan shekaru. Muna fata mahalarta wannan taro za su gyara mana inda muka yi kure, su kuma ɗora daga inda muka tsaya.