Yawon Buɗe Ido a Badun: Kasuwa, Tuddai da Gonakin Goro

Yawon buɗe ido shi ne tafiyar da mutum yake yi zuwa wani wuri domin ya ga abin da bai saba gani ba, ya huta, ya kuma ƙaru da ilimi. Mutane da yawa suna zaton sai mai kuɗin jirgin sama ne yake iya yin irin wannan tafiya. A ƙasar Italiya akwai ƙananan garuruwa, irin su Barolo da Montalcino, waɗanda suka yi suna saboda noman inabi. Baƙi sukan je can su taka a ƙasa cikin gonaki, su hau tuddai, su kalli tsofaffin gine-gine, su sayi abin da ƙasar take fitarwa. Abubuwa uku ne suke jawo su: amfanin gona da tuddai da tarihi. Birnin Ibadan, wanda Hausawa suke kira Badun, yana da duka ukun, sai dai a maimakon inabi, goro da koko ne arzikin ƙasarsa. A wannan darasi za mu ga yadda ɗalibi zai zagaya birnin da kewayensa da kuɗi kaɗan.

Sabo: inda za a fara

Badun ita ce hedikwatar Jihar Oyo, kuma tana da nisan kimanin kilomita 130 daga Legas. An kafa ta wajen shekarar 1829 a matsayin sansanin mayaƙan Yarabawa. Jirgin ƙasa ya iso ta daga Legas a 1901, kuma bayan shekara goma hanyar dogo ta kai Kano. Wannan ya sauƙaƙa wa fataken Arewa tafiya, suka riƙa kawo shanu suna komawa da goro. Da yawansu ya ƙaru, sai aka ware musu unguwa wajen 1916, ita ce Sabon Gari, wadda aka taƙaita sunanta zuwa Sabo. Unguwar tana kusa da Mokola, kuma tana da sarkinta.

A zamanin da, kasuwancin Sabo ya dogara ne a kan masu gida, wato fatomomi. Fatoma shi ne mai saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya kuma haɗa shi da dillali. Amana ce jarin wannan sana'a, domin sau da yawa bashi ake ba da shanu. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna ya yi nazarin wannan tsari, ya fitar da littafi a kansa a 1969. Mai ziyara a yau zai ga masallatai da makarantun allo, da maɗinka, da 'yan canji, da masu tsire waɗanda suke hura wuta da yamma. Ga mai koyon Hausa, Sabo aji ne wanda ba shi da bango, domin duk inda ya juya zai ji harshen.

Kasuwar Bodija

Daga Sabo sai a shiga mota zuwa Bodija, a kan hanyar da ta nufi Jami'ar Ibadan. An buɗe wannan kasuwa a 1987, bayan da tsohuwar kasuwar abinci ta Orita Merin ta yi wa jama'a kaɗan. A yau tana cikin manyan kasuwannin abinci na ƙasar Yarabawa. An kasa ta layi-layi, kowane layi da irin hajarsa. Akwai layin wake, da na shinkafa, da na albasa, da na tattasai da tumatir, da na doya, da na manja.

Wanda ya lura zai ga taswirar Nijeriya a cikin kasuwar. Manyan motoci suna sauke wake da gero da dawa daga Arewa, da albasa daga yankin Sakkwato da Kabi, da busasshen kifi daga yankin Tafkin Chadi. Doya da garin rogo da manja kuwa suna fitowa daga gonakin Kudu da na tsakiyar ƙasa. Ma'aunin hatsi a nan shi ne kwanon da ake kira kongo, wanda yake yin aikin da mudu ko tiya take yi a Kano.

A nan ne ɗalibi zai gwada Hausarsa. Kafin a tambayi farashi, sai an yi gaisuwa. Idan mai kayan dattijo ne, sai a ce, "Sannu da kasuwa, Baba," ko "Ina kwana, Alhaji?" Daga nan sai a ce, "Nawa ne kwanon wake?" Idan an taya, wato mai saye ya faɗi abin da zai biya, mai kaya bai yarda ba, zai ce, "Albarka." Idan ya yarda, zai ce, "Na sallama." Ya kamata a je da sassafe, a sa takalmi mai ƙwari domin taɓon damina, a kuma ba 'yan dako hanya. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa.

Hawan tuddai

An gina Badun a kan tuddai, saboda haka ba a ganin girmanta sai an hau sama. Wurin da ya fi dacewa shi ne Hasumiyar Bower da ke kan tudun Oke Are. An gina ta a 1936 domin tunawa da Kyaftin Robert Bower, Razdan na farko da Turawan Ingila suka ajiye a birnin a 1893. Tsawonta ƙafa 60 ne, kuma matakalarta a murɗe take kamar katantanwa. Shi ya sa Yarabawa suke kiranta Layipo. Daga ƙololuwarta ana hangen dubban rufin kwano da tsatsa ta mayar ja, har iyakar ganin ido.

Daga can kuma ana iya nuna wasu gine-gine biyu. Na farko shi ne Zauren Mapo, wanda aka kammala a 1929 a kan tudun Mapo, a tsakiyar tsohon gari. Na biyu shi ne Cocoa House da ke Dugbe, mai hawa 26, wanda aka buɗe a 1965. An gina shi da kuɗin koko, wato 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su, ba kokon da ake sha da ƙosai ba. Wannan gini shaida ne na abin da gumin manomi zai iya yi.

Lambuna da namun daji

Bayan hayaniyar kasuwa da wahalar hawa, jiki yana bukatar inuwa. Lambun Agodi yana kusa da Sakatariyar Jiha, ba nisa da Bodija. An buɗe shi a 1967. Ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 ta yi masa mummunar ɓarna, ya daɗe a yashe, sai a 2014 aka sake buɗe shi bayan gyara. Akwai manyan itatuwa da tafki da filin da iyali za su shimfiɗa tabarma su ci abinci.

A cikin Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, akwai gidan namun daji da lambun tsirrai. A nan ɗalibi zai haɗa suna da mai suna: zaki, kura, kada, jimina, biri, kunkuru. A arewacin birnin kuma, a hanyar Oyo, akwai cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a 1967. Tana da tafki da kurmi da aka killace, inda masu sha'awar kallon tsuntsaye suke zuwa da asuba. Ba a shiga wannan wuri sai an nemi izini tun da wuri.

Gonakin goro da koko

Wanda ya fita daga birni ta hanyar Ijebu-Ode zai iske ƙauyen Idi-Ayunre, inda Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1964, take. Cibiyar tana bincike a kan koko da goro da kofi da kashu da ganyen shayi. Yawancin Hausawa suna cin goro, suna raba shi a wurin suna da ɗaurin aure, amma kaɗan ne suka taɓa ganin itacensa, domin ba ya yi sai a ƙasa mai yawan ruwan sama. Itace ne babba mai duhun ganye. 'Ya'yansa suna cikin kwanso, kuma sai an fasa kwanson, an cire farar fatar da ta lulluɓe su, sannan a jera su cikin ganye a ɗaure. Wannan ɗauri shi ne huhun goro. Goro ɗari kuwa shi ake kira ƙwarya. Irin da Hausawa suka fi so shi ne wanda a da ake kawowa daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, kuma har yanzu Yarabawa suna kiransa gbanja.

Mai ƙarfin gwiwa zai iya ƙara gaba zuwa Ado-Awaye, a yankin Iseyin, inda akwai wani ɗan tafki mai suna Iyake a kan dutse. Hawan yana da wuya, saboda haka sai a tafi da ɗan jagora daga garin.

Lokaci da shiri

Damina a Badun takan fara wajen Maris ko Afrilu, ta ƙare a Oktoba, tare da ɗan tsaiko a Agusta. A Disamba da Janairu hazo yana rufe gari, ba a hangen nesa daga hasumiya. Watan Nuwamba ya fi dacewa, domin ruwa ya ɗauke, ƙasa tana nan kore, kuma lokacin ɗiban koko da goro ne. A tafi a ƙungiya tare da malami, a riƙe ruwan sha da littafin rubuta sababbin kalmomi. Kada a jefa leda ko gora a magudanar ruwa, domin toshewarta tana cikin abin da yake jawo ambaliya.

Amfanin wannan yawo ya wuce hutu. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha tsakanin Hausawa da Yarabawa, aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje. Rashin sanin juna yana cikin abin da yake rura irin wannan wuta. Ɗalibin da ya ga waken Arewa da manjan Kudu a kasuwa ɗaya, ya gaida dattijo a Sabo da harshensa, ya ga itacen da goron bikin Kano yake fitowa, zai gane cewa al'ummomin nan biyu sun fi shekara ɗari suna ci daga hannun juna. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce gani ya kori ji.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin fatoma a kasuwancin Sabo?
2. Kawo kaya uku da ake kawowa Bodija daga Arewa.
3. Me mai kaya yake nufi idan ya ce "Albarka"?
4. Don me watan Nuwamba ya fi dacewa da wannan yawo?
5. Rubuta jimla goma a kan wani wuri a garinku da za ka so ka kai baƙo.