Mai ko giris: wanne ya dace da gwiwar tayar gaba?

Ɗan'uwa manomi, idan kana da tarakta ko akori-kura mai jan taya huɗu da kake shiga fadamar Ambursa da ita, akwai wani wuri da ya kamata ka riƙa leƙawa: gwiwar tayar gaba. Nan ne taya ke juyawa dama da hagu idan ka murɗa sitiyari, kuma ta cikinta ne sandar da ke kawo ƙarfin inji take wucewa. Aiki biyu take yi lokaci guda. In ta bushe ko ruwa ya shige ta, sai ka ji ƙas-ƙas a kwana, daga nan sai tsayuwa, wataƙila ranar da shinkafarka ke jiran kwasa.

To me za a zuba mata, mai ko giris? Wannan ba zaɓin ra'ayi ba ne, ƙirar abin hawan ce ke yanke hukunci.

Mai yana gudana, yana fantsama ya kai ko'ina har boris na sama, kuma sauya shi ba wuya. Aibinsa shi ne da zarar sil ya ci, sai ya tsiyaye ya bar ƙarfe na cin ƙarfe. Giris kuwa yana zama inda aka sa shi, yana kuma tare ƙura da laka. Amma mai kauri, in juyi ya watsa shi gefe, ba ya komowa.

Toyota Land Cruiser mai doguwar aksil a gaba, da tsohuwar Hilux mai irin wannan ƙira, giris suke so, baƙin nan mai sinadarin moli, lamba 2. In ka ga wani abu kamar kunu yana zubowa daga gwiwar, sil na ciki ne ya mutu, man giya ya gauraye da giris. Ƙara giris ba zai magance ba, sai an sauya sil.

Tsofaffin Land Rover da man giya EP90 aka yi su. Daga baya kamfanin ya koma wani giris mai ruwa-ruwa, lamba 00, wanda ba ya saurin zuba amma yana gudana. Kada a cusa musu giris mai kauri don kawai a tsayar da yoyo.

Tarakta irin su Massey Ferguson da John Deere masu jan huɗu, biyun duka suke sha: mai a cikin aksil da cibiyar taya, giris kuma a 'yan hancinan da ke sama da ƙasan gwiwa. Lambar man tana cikin littafin taraktar, ita za ka bi.

Mu nan kwarin Rima, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, babban abokin gaba shi ne ruwa. Aksil mai zafi in ta faɗa ruwan sanyi, iskar cikinta na tsukewa, sai ta zuƙo ruwa ta sil ko ta hancin shan iska. Don haka duk ranar da ka ratsa ruwa ko taɓo, wanke gwiwar, ka buga giris a hancinan har sabo ya turo tsoho waje. Kwance ƙusar mai ka duba. In ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga, zubar da shi ka zuba sabo. Da hunturu kuma riƙa goge ƙwallon ƙarfen gwiwar, don ƙura da giris in sun haɗu kan ci sil kamar yashi.

Abu biyu ne na haƙiƙa a guje musu: zuba tsohon baƙin man inji, da cakuɗa giris iri biyu, don wasu ba sa jituwa, sai su narke su zube. Kuma ka sayi mai a rufaffiyar roba, ba na awo ba.

Kafin a shiga aikin rani, ka kai wa bakanike ya ɗaga gaban, ya girgiza tayar sama da ƙasa. In tana wasa, boris ne, gyara shi tun kuɗinsa bai kai na aksil ba.