Zango-zango a kan titin Stuart na hamadar Ostareliya

Titin Stuart ya tsaga ƙasar Ostareliya gida biyu, tun daga Port Augusta a kudu har Darwin a arewa, tafiyar fiye da kilomita 2,700, yawancinta cikin jar ƙasa da gajerun itatuwa. Sunan John McDouall Stuart aka sa masa, wanda ya keta ƙasar daga kudu zuwa arewa a 1862. Bayan shekara goma aka ja wayar tangaraho kusan a kan sawunsa, aka kakkafa tashoshinta a wuraren da ake samun ruwa. Alice Springs da Barrow Creek da Tennant Creek duk a gefen waɗannan tashoshi suka tsiro. Ashe ruwa ne ya zaɓa wa direban yau inda zai tsaya, kamar yadda rijiya ke zaɓa wa ayarin fatake zango. Kwalta ma ba ta gama rufe titin ba sai 1987.

Galibin wuraren tsayawar ba garuruwa ba ne. Gida ɗaya ne a tsakiyar fili, wanda ya haɗa gidan mai da wurin cin abinci da ɗakunan kwana. Wanda ya raina shi ya wuce, shi zai sha wuya, domin daga Glendambo zuwa Coober Pedy akwai kimanin kilomita 250 babu inda ake sayar da ko ɗigon fetur. Mutanen Glendambo sun kafa allo a bakin hanya mai nuna cewa su 30 ne, tumakinsu dubbai, ƙudaje kuwa miliyoyi. Da rana ta faɗi masu hankali kan ajiye mota, saboda kangaru da shanu da raƙuma na fitowa kan titi. Raƙuman nan jikokin waɗanda aka shigo da su ne a ƙarni na 19, tare da Musulmi masu jan su daga Afganistan da yankin Indiya, aka sake su a daji da jirgin ƙasa da mota suka karɓe aikinsu. Ga kuma tireloli masu jan bodi uku ko huɗu, tsawonsu yakan haura mita 50.

Coober Pedy ta cancanci kwana. A 1915 aka gano dutse mai daraja da ake kira opal a wurin, kuma tun daga nesa matafiyi zai hango tulin farar ƙasar da mahaƙa suka zubar ko'ina. Zafin bazara kan wuce digiri 40, saboda haka mutane da yawa suka fafe gefen tudu suka yi gidajensu a ciki, inda ɗaki ke zama da sanyi-sanyi dare da rana. Akwai otal da coci-coci a ƙarƙashin ƙasa. Allunan gari na gargaɗin baƙo kada ya yi tafiya da baya yana ɗaukar hoto, don ramukan haƙa a buɗe suke.

Wasu wuraren kuwa dabarar kasuwa ce kawai. A baya, Wycliffe Well ya daɗe yana tallata kansa a matsayin masaukin halittun sararin samaniya, da gumakan korayen mutane a ƙofa. Mashayar Daly Waters ta cika bangonta da huluna da takardun kuɗin da baƙi suka bari. Ban ga laifinsu ba, mai saye ba ya tsayawa a hamada sai an ba shi dalili.

Abin da ya fi su nauyi shi ne Karlu Karlu, kudu da Tennant Creek, manyan duwatsu mulmulallu da suka hau kan juna kamar za su gangaro. Turawa sun kira su Devils Marbles, amma wuri ne mai tsarki ga 'yan asalin yankin, irin su Warumungu da Kaytetye. A farkon shekarun 1950 aka ɗauke ɗaya daga cikin duwatsun aka ɗora a kan kabarin John Flynn kusa da Alice Springs, mutumin da ya kafa hidimar likitocin jirgin sama, waɗanda har yau jiragensu kan sauka a wasu sassan titin idan an yi haɗari. Masu wurin ba su daina neman dutsensu ba sai da aka mayar musu da shi a 1999, aka sa wani a madadinsa. A 2008 gwamnati ta mayar musu da mallakar filin baki ɗaya.